Yadda Ake Haɗa Akwatin Gilashi na Bango Don Ajiye Jita a Ƙasar Hunturu

Jitar da na fara mallaka ta tsage ne cikin watan Fabrairu, tana rataye a ƙusa a ɗakina a nan Garwa. Ba ta faɗi ba, ba kuma wanda ya buge ta. Na tashi da safe sai na ga wani layi siriri kamar zare ya taso daga gindin gadar da ke riƙe tsirkiya ya gangara ƙasa. Na sa farce, na ji ya shige. Hunturu ne ya yi aikinsa. Tun daga ranar na daina ɗaukar akwatin jita a matsayin kayan ƙawata falo. A Duwala wataƙila ado ne kawai, amma daga Garwa zuwa Marwa, Kusuri har Njamena, sutura ce ga kayan kiɗan, kuma haka ya kamata a gina shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fuskar jita katako ne da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, ga tsirkiya shida suna jan sa dare da rana. Kamfanin Martin na Amurka, wanda yake ƙera jita tun 1833, yana shawartar a ajiye jita inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Mu kuwa idan hunturu ya kankama, danshin kan sauka ƙasa da kashi 20. Katakon ya bushe, ya tsuke, inda ya rasa wurin tsukewa sai ya fashe. Ga ƙurar da ke shiga ramin jita da maɗauran tsirkiya. Don haka abin da za mu haɗa dole ya rufu ruf, ya riƙe ɗan danshi a cikinsa, ya kuma zauna a bango daram. Kyan gani yana zuwa bayan waɗannan.

Ka fara da awo, kada ka fara da kasuwa. Shimfiɗa jitar a kan tabarma ka auna tsawonta tun daga kai har gindi, faɗinta a inda ta fi buɗewa, da kaurin gangar jikinta. Babbar jitar katako da aka fi gani a hannun mutane tana da tsawon santimita 104 ko kusa da haka, faɗi 40, kauri 12 zuwa 13. Ta lantarki irin Stratocaster ta fi ta gajarta da siranta, kaurinta bai kai santi 5 ba, amma ta fi ta nauyi. Lissafin da zan bayar na babbar ne: cikin akwatin tsawo 115, faɗi 50, zurfi wajen 19. Idan taka daban ce, ƙara santi 11 a kan tsawonta, 10 a kan faɗinta, 6 a kan kaurinta, ka gyara sauran lissafin.

Sai katako, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asara ba su sani ba. Kusan duk katakon da ake sayarwa a arewa daga dazuzzukan kudu yake zuwa, a jirgin ƙasa har Ngaundare inda layin dogo ya ƙare, ko a manyan motoci. Yana isowa da ruwan kudu a jikinsa. Ka yi ƙofa da shi yau, nan da wata biyu ta murɗe, haɗin ya buɗe baki. Idan ka je wurin 'yan katako ka tambaya kai tsaye: “Alhaji, wannan ya yi wata nawa a nan?” Ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka runtse ido ɗaya ka bi gefensa da kallo ko ya miƙe. Ko da an ce maka ya bushe, kai shi gida ka jera a inuwa, ka sa ƙananan itatuwa tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ka bar shi mako uku ko huɗu. Kada ka shanya shi a rana, zai tsattsage. Ni dai na fi son yin irin wannan aiki da rani, don katakon da aka haɗa yana bushe ba ya ba da kunya daga baya.

Wane iri? Sapelli nake zaɓa. Ja ne mai duhu, yana da zane mai kyau, yana riƙe sukuru, kuma da shi ake yin baya da gefen jita da yawa, sai ka ga akwati da abin da ke cikinsa sun dace kamar 'yan gida ɗaya. Aibinsa shi ne jijiyarsa a sarƙe take, idan wuƙar inji ba ta da kaifi sai ta yage shi. Iroko yana da ƙarfi, gara ba ta cika damunsa ba, sai dai ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi da tari, ka ɗaura ƙyalle a hanci idan za ka goge shi. Ayus, farin katakon nan mara nauyi, ya fi arha da sauƙin yanka, amma laushi gare shi, sukuru kan kwance a jikinsa, ƙwari kuma suna huda shi. Idan shi aljihu ya iya, yi gangar akwatin da shi, amma ƙofa da maratayin bango ka nemi mai tauri.

Kai falankin wurin masu inji su kankare maka shi ya koma kaurin santi 2 daidai. A can ɗin ka sa su tsaga maka komai, ya fi yankan zarton hannu miƙewa. Gefe biyu, kowanne 119 da 22. Sama da ƙasa, kowanne 50 da 22. Na ƙofa: dogaye biyu 119 da 5, gajeru biyu 54 da 5. Sanduna masu kaurin santi 2 ta kowane ɓangare, kamar mita 3. Sirara masu milimita 8 na riƙe gilashi, kamar mita 7. Sai guntun falanki ɗaya mai tauri, 50 da 14, wanda za ka ce su karkata wuƙar injin zuwa digiri 45 su raba shi biyu a tsawonsa. Wannan shi ne maratayin akwatin, zan zo kansa. Bayan akwatin kuma filawud ne mai milimita 12, a yanka 115 da 50. Kada ka yarda da mai milimita 4 na bayan kabad, shi ne zai ɗauki nauyin jitar.

Sauran kaya: farin gam na katako, sukuru masu santi 5 da masu santi 3, ƙananan ƙusoshi marasa kai, hinji uku, ƙananan makulli biyu ko maganaɗisun ƙofa, samfefa mai kaushi da mai laushi, banish, yadin da za ka shimfiɗa a baya, da farin yadin auduga.

Goge fuskokin ciki da samfefa tun kafin ka haɗa, don bayan haɗi hannu ba ya kai kusurwa. Sa na sama da na ƙasa a tsakanin dogayen gefen biyu. A kowace kusurwa sukuru uku, amma ka fara huda musu hanya da siririn bakin injin huda, in ba haka ba sapelli zai tsage a baki. Shafa gam, matse, ɗaure. Wanda ba shi da ƙarfen matse katako ya zagaya igiya mai ƙarfi sau biyu, ya sa guntun kwali a kusurwoyi, ya cusa ɗan itace ya murɗa har ta ɗame. Kafin gam ya kama, auna gicciye daga wannan kusurwa zuwa waccan, sannan ɗaya gicciyen. Awon biyu dole su zo ɗaya. Idan sun bambanta ko da milimita 3 ne, tura doguwar kusurwar a hankali har su daidaita. Wanda ya tsallake wannan zai gane kurensa ranar sa ƙofa. Gam ɗin da ya tsattsafo ka share da jiƙaƙƙen tsumma nan take, don banish ba ya kama inda gam ya bushe.

Yanzu maratayi. Waɗancan guntaye biyu da aka raba a karkace, namiji ne da tamace: ɗaya a jikin akwati, ɗaya a jikin bango, na akwati ya sauko ya zauna a cikin na bango, nauyin kansa ne ke ƙara kulle shi. Ban san wata hanyar rataye abu mai nauyi da ta fi wannan aminci da sauƙi ba. Sai dai ana yawan juya su baibai, don haka ka lura da kyau. Na jikin akwati yana can sama ta baya, manne da falankin sama, tsininsa yana kallon ƙasa, faffaɗar fuskarsa tana kallon bango, bayansa daidai da bakin akwatin. Ɗaure shi da gam da sukuru ta sama da ta gefe biyu. Na bango kuwa tsininsa sama yake kallo, ƙaramar fuskarsa ce ke manne da bango, yadda za a sami kwari tsakaninsa da bangon. Rage tsawon na bangon ya koma 44 ka ajiye shi gefe.

Daga ƙarƙashin maratayin, bi gefe biyu da ƙasa ka kafa sandunan nan masu santi 2, su ma daidai da bakin baya. Filawud zai shigo ta gaba ya kwanta a kansu. Ka ga ke nan an bar sarari na santi 2 a bayansa inda maratayin zai ɓuya, akwatin ya lafe da bango ba a ganin komai. Kafin ka kafa filawud ɗin, manna masa wani guntun katako mai tauri ta baya, faɗin santi 12, ya fara daga santi 18 ƙasa da rufin ciki. Shi ne zai karɓi sukurun maƙalin jita. Kada ka matsar da shi sama da haka, zai hana akwatin hawa maratayin bango. Sannan shafa gam a kan sandunan ko'ina ba tare da tsallake ba, kwantar da filawud, bi shi da sukuru masu santi 3. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙurar hunturu kuwa ko kafar allura ta ishe ta. Duk inda ka ga haske yana ratsowa, cike shi da garin katako da aka kwaɓa da gam.

Maƙalin da zai riƙe wuyan jita shi ne wurin da na fi daɗewa a kai. Ana samun na ƙarfe a shagunan kayan kiɗa, amma na katako ya fi kwanta mini a rai. Yanki katako mai tauri, tsawo 15, faɗi 10. A baki ɗaya ka fafe shi kamar bakin gwafa, faɗin santi 5 da rabi, zurfi 6. Jita mai tsirkiyar roba wuyanta ya fi faɗi, yana kai santi 5 da ɗoriya, ita sai ka buɗa zuwa 6 da rabi. Goge bakin har ya yi sumul, ba kaifi ko kaɗan. A ƙarƙashinsa sa ɗan katako mai kusurwa uku ya tokare shi, ka kuma ɗan ɗaga bakin gwafar sama kaɗan, yadda jita za ta riƙa zamewa ciki maimakon waje. Wurin kafa shi kada ka dogara da lissafi. Kwantar da akwatin a ƙasa, shimfiɗa zane, kwantar da jitar a ciki, bar santi 5 tsakanin kanta da rufi, ka sa alama daidai inda wuya ya fara buɗewa ya zama kai. Ta baya za ka ɗaure shi, dogayen sukuru su ratsa guntun katakon nan da filawud su shiga jikin maƙalin da matokarinsa. Idan jitar irin ta kamfanin Fender ce mai maɗauran tsirkiya duk a gefe ɗaya, kanta ba daidai yake ba, za ta so karkata. Ƙara kaurin naɗi a ɓangare ɗaya har ta tsaya sak.

Abin da za ka naɗa a gwafar ba ƙaramin zance ba ne. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne robar tayar babur ko tiyo ko ledar kujera. Ka guje su duka. Jita da yawa, musamman masu tsada irin Gibson da Martin, fentinsu wani iri ne da ake kira naitiro, roba da leda kuwa suna cin wannan fenti, su narkar da shi su bar tabo a wuyan jitar. Idan kana son taushi, sa fatar Marwa wadda aka jeme ba a rina ba a ƙasa, sannan ka naɗe ta da farin yadin auduga ninki uku, ka ɗinke da zare ta ƙarƙashi. Auduga kaɗai ce za ta taɓa jikin jitar. Ƙasar auduga muke, ba abin da za a sha wahalar nema ba ne. Haka kuma ka yi ɗan matashi na auduga ka manna a baya, daidai inda gindin jitar zai jingina, don kada ta riƙa bugun katako idan an rufe ƙofa.

Bayan akwatin ta ciki, karammiski baƙi ko shuɗi mai duhu yana fito da jita sosai. Manna shi da farin gam shafi kaɗan, ba gam mai wari na masu gyaran takalma ba, don warinsa yana daɗewa a rufaffen wuri.

Ƙofa ita ce ke nuna gwanintar kafinta. A ƙarshen kowane katako ka zaftare rabin kaurinsa, santi 1, tsawon santi 5, yadda biyu za su hau juna su koma kauri ɗaya. Wannan haɗi zarton hannu da kurfi sun isa yin sa, kuma yana ɗaukar nauyin gilashi ba ya saki. Haɗa a kan daɓe mai lebur, auna gicciye kamar ɗazu, ɗora nauyi a kai ya kwana. Washegari bi bakin ciki ta gaba ka kafa siraran sandunan nan da gam da ƙananan ƙusoshi. Sai yanzu za ka auna wurin gilashi, ka rage milimita 3 a tsawo da faɗi, ka kai wa mai yankan gilashi awon. Zai zo wajen 108.7 da 43.7, amma awon ƙofarka za ka bi, ba nawa ba. Wannan ɗan sararin shi ke hana gilashi fashewa idan katako ya motsa da damina. Na baya da za su danne gilashin ƙusa kawai za ka sa musu ba gam, don ranar da ya fashe a iya canzawa.

Gilashi mai milimita 4 ya isa. Kowace murabba'in mita nauyinta kilo 10 ne, na wannan ƙofa ke nan ya kusa kilo 5. Akwai na roba mai kama da gilashi, nauyinsa kusan rabi, ba ya tarwatsewa, kuma gidan da yara ke guje-guje shi ya fi dacewa. Amma yana jan ƙura kamar maganaɗisu, kuma ƙurarmu mai yashi ce, kana sharewa kana karce shi. In ba don yara ba, gilashi na gaske nake sa wa.

Yi banish kafin ka sa gilashi da yadi. Ciki da waje duka, shafi uku, kana bi da samfefa mai laushi tsakanin shafi da shafi. Wanda ya shafe waje ya bar ciki, falankin zai lanƙwashe. Da sassafe ake wannan aiki, a ɗakin da aka yayyafa wa ruwa, kafin iska ta taso da ƙura. Bayan shafin ƙarshe bar akwatin a buɗe mako biyu. Sa hanci a ciki. Muddin kana jin warin sinadari, jita ba za ta shiga ba, don tururin yana iya lalata fentinta. Na san zumuɗin da ke kama mutum a wannan gaɓa, amma a daure.

Sa hinji uku, na sama biyun su ɗan kusanci juna don can nauyi ke ja. A bakin akwatin inda ƙofa ke kwanciya, manna siririn ƙyalle mai kauri irin na bargo ya zagaye ba yankewa. Gwada da takarda: rufe ƙofa a kanta ka ja. Idan ta zare ba turjiya, wurin bai kama ba. Makulli biyu, sama da ƙasa, sun fi ɗaya a tsakiya matse doguwar ƙofa irin wannan.

Wane bango? Na cikin gida, wanda rana ba ta dukan bayansa. Bangon yamma a Garwa cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana riƙe wuta har tsakar dare, zafi kuwa yana sassauta gam ɗin da ke riƙe gadar jita. Kada ya fuskanci taga, kada ya kusanci madafa, kada kuma ya zauna ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ita ma busar da iska take yi. Duba inda wayar lantarki ta bi kafin ka huda.

Akwatin sapelli da gilashi da jita a ciki zai kai kilo 25, rabin buhun siminti ke nan a rataye a kan mutane. Ɗora maratayin bango, daidaita shi da lebur, huda wuri huɗu da baki mai milimita 10, cusa robar riƙe sukuru da masu shago ke kira shebil, ɗaure da sukuru masu santi 9. Idan bulo mai rami ne kuma ka ji bakin injin ya faɗa fanko, matsa gefe ka nemi inda yake cike. Kafin ka ɗora akwatin, kama maratayin da hannu biyu ka sake masa nauyinka. Ya motsa ko kaɗan, a sake. Bangon ƙasa kuwa shebil ba ya kama shi ko kusa. Can sai dogon ƙarfe mai noti ya ratsa bangon ya fita ta baya a ɗaure shi da faifan katako, ko kuma a kafa sanduna biyu tun daga ƙasa su ɗauki nauyin, bangon ya zama majingina kawai. Ku biyu za ku ɗaga akwatin, ba ƙofa a jiki, ku sauke shi a hankali har ku ji ya zauna. Sannan sukuru ɗaya ta ciki, can ƙasa, ya ratsa sandar ƙasa ya shiga bango, don idan an buɗe ƙofa nauyinta kada ya ɗaga gindin akwatin.

Mai son fitila ya sa siririn layin nan na LED mai bolt 12 a bayan bakin sama, akwatin wutarsa a waje, a toshe ramin wayar. Ƙwan fitila mai zafi ba shi da wuri a ciki.

Saura danshi, wanda dominsa aka yi duk wannan wahala. Nemi ɗan ma'aunin danshi mai batir. Kafin ka amince da shi gwada shi: zuba gishirin girki a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, sa shi tare da ma'aunin a roba mai murfi su kwana. Ya kamata ya nuna 75. Idan ya nuna 70, ka san kullum za ka ƙara masa 5. Sannan ɗauki robar sabulu mai murfi, huda murfin wuri goma, jiƙa soso ka matse shi har ya daina ɗiga, rufe, ajiye a kusurwar ƙasa inda ba zai taɓa jita ba. Kwanakin farko zai riƙa bushewa da sauri don katakon akwatin ma yana sha. Bayan nan za ka gane kwana nawa yake ɗauka a ɗakinka. Idan ma'aunin ya ƙi kai 40, ƙara roba ta biyu, ka kuma sake gwajin takarda a bakin ƙofa. Jitar da ta riga ta sha bushewa, wadda bakin ƙarafan wuyanta ke karce hannu ko tsirkiya ke zuza a kansu, kada a yi mata gaggawa. Ta ɗauki mako biyu ko uku tana komawa a hankali.

Da damina ta sauka sai a juya. Cikin Agusta a bakin Binuwai, balle Ngaundare da ta fi mu ruwa, ma'aunin zai haura 60. Cire soson gaba ɗaya, sa ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sababbin takalma da kayan lantarki, idan sun ƙoshi a canza su. Garaya da gurmi da molo ma wannan akwati yana karɓarsu, sai dai su ba su da faffaɗan kan da zai zauna a gwafa, don haka a yi musu ɗan gurbi mai auduga a ƙasa inda ƙoƙon zai zauna, a ɗaure sandar ta sama da igiyar auduga.